Hannun da Najwa Ta Sa a Aikina

Wajen ƙarfe huɗu ne na yammacin Juma'a, ana irin yayyafin nan na London da ba ya jiƙa mutum lokaci guda, sai dai ya yi ta bin rigarka a hankali har ka ji sanyi a ƙashi. Na tashi daga aiki ke nan a asibitin da nake tura gadajen marasa lafiya a Camberwell, ina tsaye wajen jiran bas, sai wayata ta kama rawa a aljihu ba ƙaƙƙautawa. Ni ba mai saurin duba waya ba ne. Sai da bas ta zo, na hau sama na sami kujerar jikin taga, sannan na ciro ta.

Saƙon Najwa ne a sama: "Uwaisu, shiga shafi yanzu. Naka ne ya fashe."

Jama'a, ku yi haƙuri in ɗan ja ku baya, don na san akwai waɗanda yau suka fara bin labarin nan. Akwai wani aiki da muke yi, mu da yawa a ƙasashe daban-daban, sunansa Talvik. Compiler ne. Idan mutum ya rubuta wa kwamfuta umarni da rubutun da ɗan Adam ke iya karantawa, compiler shi ne tafintan da ke juya shi zuwa abin da inji ke ganewa. Talvik ba na kamfani ba ne, ba a biyan kowa. Aikin gayya ne kawai, sai dai gonar ta kowa ce. Kuma komai a fili ake yin sa: abin da ka rubuta, wanda ya duba maka, faɗan da aka yi maka, duk suna nan a shafi, kowa na iya karantawa, kuma ba a gogewa.

Ni ban wuce sakandare ba. A tsohuwar laptop ɗin wani maƙwabcinmu na koyi abin, yau kaɗan gobe kaɗan. Najwa kuwa tana cikin 'yan ƙalilan ɗin da ke riƙe da makulli, wato waɗanda sai sun duba sun sa hannu gyaran mutum yake shiga. A wani zaman Asabar da 'yan Talvik na London ke yi a Bloomsbury muka haɗu. Gwaggona ta kira ni tana tambayar inda na ajiye murfin tukunyarta, na amsa da Hausa, sai na ji wata mai baƙin mayafi a bayana ta ce, "Ka duba ƙarƙashin sink, can suke ɓuya." Daga nan abin ya fara.

Na buɗe shafin. Wani manomi ne a Spain, mai noman tumatir a rumfar leda, ya rubuto cewa tun da ya ɗauki sabon Talvik, injin ban-ruwansa yana bin layi-layi yana shayarwa, amma in ya zo layin ƙarshe sai ya tsallake. Har hoto ya sa, ganye duk ya sunkuya. Mutane suka bi gyare-gyaren da aka shigar ɗaya bayan ɗaya, har suka tsaya a kan nawa. Aikin da na kwashe duk lokacin sanyi ina yi ne, don compiler ya ƙara sauri wajen maimaita abu. Saurin kam ya ƙaru, sai dai wani lokaci yakan haɗiye zagaye na ƙarshe. A ƙasan gyaran ga sunana. A ƙasan sunana ga na wanda ya duba ya sa hannu: Najwa Maje.

Kuskure ba abin kunya ba ne a wurinmu, kowa ya taɓa fasa wani abu. Sa hannun nan shi ne matsalar. Dokar Talvik ta ce ba ka duba aikin matarka, ko ɗan'uwanka, ko wanda kuke soyayya, sai ka faɗa a fili tukuna, a sa wani ya ƙara dubawa. Mu kuwa ba mu faɗa ba. Ba don ha'inci ba ne. Hajiya, mahaifiyar Najwa, ta riga ta ja mana kunne cewa kada kowa a waje ya ji maganar neman auren nan sai Alhaji, mahaifinta, ya buɗe baki. Ranar da za a rufe karɓar gyara kuma, Kambai, babban cikin masu makulli, wanda ya kamata ya duba min, yana asibiti matarsa Eunice tana haihuwa. Najwa ta karanta aikin, ta sake karantawa, ba ta ga komai ba, ta sa hannu.

To, Alhaji Maje ya ce ranar Lahadi, jibi ke nan, zai faɗa min ko in turo magabatana ko a'a. Bincike kuma ya ɗora wa Hamdan, yayan Najwa, wanda a nan aka haife shi, yana jin Hausa sarai amma da Turanci yake mayar maka. Ya je masallacinmu, ya tambayi 'yan Kano na Peckham, bai sami wanda ya san gidanmu sosai ba. Sai ya tafi inda sunana ya fi yawa: ya yi rajista a shafin Talvik, yana bin duk abin da na taɓa rubutawa. Ga shi al'adarmu, duk sanda wani abu ya fashe, ana zama ranar Asabar da ƙarfe uku ta bidiyo, kowa na iya shiga. Tambayoyin ba sa canzawa: wa ya rubuta, wa ya duba, shin akwai wata alaƙa tsakaninsu.

Na shiga flat ɗinmu na council, irin gidajen hayar nan na ƙaramar hukuma, ƙamshin daddawa ya tare ni tun daga bakin ƙofa. Gwaggo Fulera, ƙanwar mahaifina da nake zaune wurinta, tana kicin da zanin atamfa, cardigan biyu da safar maza, tana kaɗa miyar kuka, wa'azi yana tashi daga wayarta da ta jingina da gwangwanin madara. Kallo ɗaya ta yi min ta kashe wa'azin. Na zauna a kan kujerar roba na faɗa mata komai, yadda na iya.

"Yanzu kai, ɗan nan," in ji ta, "saboda tumatir ɗin wani Bature za ka rasa mata?"

Na ce ba tumatir ba ne, amana ce. Ta ce amanar da ba a biyan mutum ko kuɗin bas, ita ba ta san irinta ba. A ganinta abin mai sauƙi ne: yarinya ta ce babu komai tsakaninmu, ai ba a ɗaura ba, ba a ma kai gaisuwa ba, to ina ƙaryar? Bayan Lahadi in Allah ya yi, sai a faɗa wa duk wanda za a faɗa wa. Ta kuma tuna min, tana zuba min tuwo ba tare da ta kalle ni ba, cewa Mufeeda 'yar ƙawarta tana nan a Kano, ba ta da kwamfuta, ba ta da makullin kowa.

Bayan magariba na janye gyaran nawa da hannuna, na rubuta wa manomin na ba shi haƙuri. Wannan shi ne mai sauƙin. Sannan na ɗauki waya na buɗe hirarmu da Najwa.

"Na janye," na rubuta.

"Na gani. Ba shi ne damuwata ba. Gobe Kambai zai tambaye ni a gaban kowa, kuma ba zan ce babu komai ba."

"In kin faɗa, Hamdan zai ji. Kafin ki rufe laptop, Abba ya ji."

"Na sani."

"To ko kada ki shiga taron?"

Alamar tana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Ina zaune a bakin gado na zuba wa wayar ido, tuwon yana hucewa a gefe.

"Ba zan yi ƙarya ba, kuma ba zan riga Abba magana ba. In babu wata hanya, zan mayar musu da makullin in fita, ba sai na ce komai ba."

Jama'a, tun tana shekarar farko a jami'a take cikin Talvik. Rabin abin da compiler ɗin ke gaya wa mutum in ya yi kuskure, ita ta rubuta shi. In ta faɗa a fili, Alhaji zai ce 'yarsa ta shelanta wa duniya miji kafin ya yi magana, shi ke nan tawa ta ƙare. In ta ajiye aikin saboda ni, ko an ba ni ita, na san idon da za ta riƙa kallona da shi.

Da safe na sa jaket na tafi Stratford wurin Kambai. Mutumin Zangon Kataf ne, Kirista, Hausarsa har ta fi tawa daɗin ji. Ya buɗe min ƙofa da jaririnsa Zion a kafaɗa, tawul a ɗaya kafaɗar, idonsa jawur don rashin barci.

"Ango," ya ce, "cin hanci ka kawo, ko barka?"

Ya yi dariya ƙasa-ƙasa don kada yaron ya farka, ya ce ya daɗe yana zargi. Yarinyar da ke rubuta wa kowa "gyara wannan", amma ni take rubuta min "gyara wannan, don Allah", ai ko makaho ya gani. Ya ce laifinsa ne da bai tambaya ba tun tuni, kuma wannan ma zai faɗa a taron.

Muka zauna a falo tsakanin kwalayen nafkin da kayan jarirai da aka shanya a jikin heater. Eunice ta kawo min shayi da ƙosai ta koma kicin. Na roƙe shi, da muryar da ni kaina na ji kunyarta, ko zai iya tsallake tambayar nan ta uku, yau kaɗai. Ya daɗe yana bubbuga bayan yaron. Ya ce ya fi kowa gane abin da nake ciki, don shi ma sai da kawunnan Eunice suka wahalar da shi kafin su ba shi amsa, kuma a lokacin ko sunanta ba ya iya faɗa a gaban mutanen garinsu.

"Amma mutumina, tambayar ba tawa ba ce," ya ce. "Kowa ake yi wa. Wata Bajamushiya mun yi mata a kan mijinta. Ranar da na tsallake ta don ɗan gida, ranar aikin nan ya zama na 'yan gida."

Daga kicin Eunice ta ce mu maza muna ta zagaye-zagaye, alhali mai maganar yana nan cikin London, ba a Kano yake ba. In uban ya ji daga bakina kafin ƙarfe uku, ai ba a riga shi ba. Na ce mata ba a haka a wurinmu. Mai neman aure ba ya zuwa ya tsaya gaban uba bayan an sa masa rana, rashin kunya ne, kamar ka zo ka matsa masa ke nan.

"To zauna nan ka ci ƙosai ka rasa ta," in ji Eunice.

Na ture kofin shayin gefe, na ce zan je. Da na miƙe, Kambai ya ƙare min kallo daga sama har ƙasa, ya ce da wannan wandon jeans ɗin ko shi ba zai ba ni 'yarsa ba. Ya miƙa wa Eunice yaron, ya shiga ɗaki ya fito da kaftanin shadda ruwan bula da ya sa a bikin wani abokinsa. Ya fi ni tsawo, hannun rigar ya rufe min yatsu. Haka na naɗe, na ciro hulata daga aljihun jaket na ɗora.

A bakin tasha na rubuta wa Najwa: "Ina zuwa gidanku. Abba zan gani."

"Uwaisu, ba a haka. Za ka ɓata komai."

"Wataƙila. Amma gara ya ji daga gare ni."

Ta kira, ban ɗauka ba, don na san in na ji muryarta zan juya. Na shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, network ya ɗauke, na zauna ina kallon fuskata a gilashi cikin rigar wani.

Flat ɗinsu yana wani tsohon dogon gini kusa da Bloomsbury, Alhaji ya saye shi tun yaran suna makaranta. Hamdan ne ya buɗe, da wandon motsa jiki, ba takalmi, waya a hannu. Bai amsa sallamata da ƙarfi ba. Ya tsaya ya tare ƙofar, ya ce min da Turanci ya ga abin da ya faru jiya, ya ga tumatir ɗin, ya ga sunayen biyu. Ya ce ya karanta duk inda ƙanwarsa ta mayar min da aiki a gaban duniya, ta ce bai yi ba, ni kuma kullum amsata ɗaya, na gode, zan gyara. Har yanzu, in ji shi, bai gane ba ko haƙuri ne da ni ko kuwa ba ni da zuciya ne.

Na ce masa ni ma wani lokaci ban sani ba. Na roƙe shi ya yi min iso. Ya daɗe yana kallon naɗaɗɗen hannun rigata, sannan ya juya ciki ya bar ƙofar a buɗe.

Alhaji yana kan doguwar kujera da farar jallabiya, ƙafarsa ɗaya a kan matashi, tabarau a kan hanci, carbi a hannu. Ana labarai a talabijin amma an kashe murya. Ƙamshin turaren wuta ya cika falon. Na cire takalmi na durƙusa a gefen kafet, na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi Gwaggo, ya tambayi aiki. Sannan ya dube ni ta saman tabarau ya ce:

"Lahadi na ce."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. Na yi masa bayanin gayyar, da makullin, da dokar, da taron da za a yi nan da ɗan lokaci. Bai katse ni ba. Abin da ya fara tambaya ya ba ni mamaki: ko an ba mai tumatir ɗin haƙuri. Na ce na rubuta masa jiya. Ya gyaɗa kai, ya ce wa Hamdan ya kira ƙanwarsa.

Ta shigo da abaya ruwan goro, mayafin ya sauko har goshi, idonta ya kumbura. Ta tsaya jikin ƙofa, ko inda nake ba ta kalla ba.

"Kin san dokarsu kafin ki sa hannu?"

"Na sani, Abba."

"Kin san tawa?"

"Na sani."

"Sai kika karya tasu don ki kiyaye tawa. Yau kuma za ki karya tawa ki gyara tasu."

"A'a, Abba. In ka ce in yi shiru, zan yi. Sai dai zan ajiye aikin, don ba zan zauna a cikinsu da ƙarya ba."

Ya juyo gare ni, carbin ya tsaya a hannunsa. Ya ce ni kuma na zo gidansa in matsa masa ya yi magana kafin lokacin da ya sa. Na ce wallahi ba amsa na zo nema ba. Na zo ne don kada ya ji maganar 'yarsa daga cikin waya, a bakin mutanen da bai sani ba. Aikina ne ya fashe, ni na jawo mata, in akwai wanda za a yi fushi da shi ni ne.

Ina jin Hajiya tana motsi a bayan labulen kicin. Hamdan ya jingina da bango yana duba agogon wayarsa. Alhaji ya cire tabarau, ya goge da bakin jallabiya, ya mayar, duk a hankali.

"Ki faɗa musu," ya ce wa Najwa. "Mutanen da suka ba ki makulli ba za ki ci amanarsu ba, ba haka na tarbiyyantar da ke ba. Amma ki faɗi daidai. An tambaya, ba a bayar ba. Kada ki ƙara ko kalma ɗaya."

Ta ce to, ta juya ta shige ɗaki.

"Kai kuma, samari. Maganar gobe, da na riga na yanke abin da zan ce maka. Yanzu sai na sake tunani. Tashi ka je."

Jama'a, ban san me ya yanke da farko ba. In e ce, to yau na ɓata ta da ƙafata. In a'a ce, wataƙila na sami wata 'yar ƙofa. Fuskarsa ba ta nuna min komai ba, ya riga ya mayar da idonsa kan talabijin. Na yi godiya, na ja da baya, na ɗauki takalmina a hannu na fita.

Lokacin taro ya riga ya yi, ba zan kai ko'ina ba. Na zauna a kan matakalar benen, nesa kaɗan da ƙofarsu, na tattare shaddar Kambai don kada ta kwashi ƙura, na shiga ta waya. Fuskoki suka fito ƙanana-ƙanana, wani a Indiya, wata a Kanada da kofi a hannu, har manomin ya shigo daga cikin rumfarsa. Kambai ya buɗe taron. Ya tambayi wanda ya rubuta gyaran, na ce ni ne, na faɗi inda na yi kuskure. Ya tambayi wanda ya duba. Najwa ta ce ita ce. Bango ɗaya ne tsakanina da ita.

"Tambaya ta uku," in ji Kambai. "Najwa, akwai wata..."

Sai hoton ya daskare. Katangar ginin nan ta dutse ce, network ba ya ratsa ta. Na miƙe, na ɗaga wayar sama, na matsa jikin taga, na sauka mataki biyu, na dawo. Abin yana ta juyawa a tsakiyar fuskar Kambai, bakinsa a buɗe.

Na ji an murɗa ƙofa. Hamdan ne, abin sauraro ɗaya a kunnensa, shi ma yana cikin taron. Ya zare wayar daga hannuna, ya latsa, ya sa mata lambar wifi ɗin gidansu, ya mayar min da ita. Muryar Najwa ta dawo tar, tana cewa, "E, akwai." Kafin in ɗago kai, ya koma ciki ya rufe ƙofa.